Ko Kun Sani? Murar da Ke Kwantar da Jarirai da Tsofaffi

Ƙwayar cutar RSV, wadda aka fara ganowa a 1956, tana kama kusan kowane yaro kafin ya cika shekara biyu. Ga yawancinsu mura ce ta 'yan kwanaki. Amma jariri ɗan ƙasa da wata shida takan toshe masa ƙananan hanyoyin iska na huhu da majina: numfashi ya yi sauri, ƙofofin hanci su riƙa buɗewa, ƙasan haƙarƙari ya riƙa loɓawa ciki, ya kasa kama nono. Da an ga haka, sai asibiti. An ƙiyasta cewa a 2019 ta kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 3.6 a duniya, sama da 100,000 suka rasu, kusan duka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi.

Tsofaffi ma ba ta ƙyale su ba, musamman masu ciwon zuciya ko asma. Sai a 2023 Amurka ta amince da rigakafin farko ga 'yan shekara 60 zuwa sama.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake saye a kemis don irin wannan mura ba shawarar likita. Asfirin ga yaro mai mura ko ƙarambau na iya jawo cutar Reye, mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Shi ya sa a Ingila ba a ba 'yan ƙasa da shekara 16 sai likita ya rubuta. Piriton kuwa, tsoho kan sha ya yi jiri, ya rikice, fitsari ya ƙi fita, har ya faɗi a hanyar banɗaki. Antibiyotik kuma ba ya kashe RSV.