Barcin Tsoho Mai Ciwon Sukari

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu muna da iyaye a Fagge ko Sabon Gari, Kano, waɗanda ciwon sukari ya hana su barci. Kafin a ruga kyamis neman ƙwaya, bari mu san dalilin.

Idan sukari ya yi yawa cikin jini, ƙoda takan fitar da shi tare da ruwa mai yawa. Shi ya sa tsoho ke tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ga ƙishirwa. Rashin barci kuma yakan ƙara ta da sukari washegari. Tsoho yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8. Ga abin da za a yi:

1. A ci tuwon dare awa 2 ko 3 kafin kwanciya. A rage tuwo, a ƙara miyar ganye da wake. Bayan an ci, a taka a hankali na minti 15.

2. Goro da shayi suna korar barci, ƙarfinsu kuwa yakan daɗe awoyi a jiki. Daga azahar a bar su. Shayi mai sukari da burodi a teburin mai shayi da dare ba na mai wannan ciwo ba ne.

3. A sha ruwa sosai da rana, a rage bayan almuru. A ajiye tocila kusa da gado, gama faɗuwa cikin duhu kan karya ƙashin tsoho.

4. Barcin rana kada ya wuce minti 30. A kwanta, a kuma tashi, lokaci ɗaya kullum.

5. Da bazara, wato Maris zuwa Mayu, a yi wanka da yamma, a buɗe taga, a shiga gidan sauro. Da hunturu kuwa a sa safa. Kada a miƙa ƙafa ga kaskon wuta, domin ciwon yakan kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya ƙone bai sani ba.

Mai shan magani ko allura kada ya kwana da yunwa. In ya farka da gumi da rawar jiki, mai yiwuwa sukarinsa ya faɗi: a ba shi cokali 3 na sukari cikin ruwa nan da nan, da safe a kai shi asibiti. Haka kuma mai minshari wanda numfashinsa ke tsayawa, lalle likita ya gan shi. Kada a daina magani sai da izinin likita.

A taronku na gaba, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.