Jiri Bayan Cin Abinci Ga Wanda Aka Yi Wa Aikin Tumbi

Maigida, in akwai wanda aka yi wa aikin tumbi a gidanka saboda gyambon ciki ko ciwon daji, to, ka karanta wannan, ka kuma karanta wa iyalinka.

Tumbi kamar rumbu yake. Yana riƙe abinci, yana sakar wa hanji kaɗan kaɗan. In likita ya yanke wani sashe nasa, sai abinci ya zarce hanji gaba ɗaya, sukari ya cika jini farat ɗaya. Daga nan jiki ya fitar da sinadarin insulin fiye da kima, ya kwashe sukarin har ya yi ƙasa ainun.

Alamun suna zuwa awa 1 zuwa 3 bayan cin abinci: gumi, makyarkyata, faɗuwar gaba, jiri, yunwa da ruɗewa. Wani har ya suma. Wannan ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Amma da haɗari, gama yana iya kama mutum a bakin rijiya ko bisa babur.

Maganin farko shi ne gyara cima. A ci kaɗan kaɗan, sau 6 a yini. A bar lemon kwalba, da shayi, koko ko fura masu sukari. A riƙa cin wake, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa da zogale. Kada a sha ruwa tare da abinci, sai bayan rabin awa.

In wannan bai wadatar ba, likita yakan ba da ƙwaya mai suna acarbose. Aikinta ta hana hanji saurin mai da tuwo sukari. Tare da lomar farko ake shanta. Takan kawo kumburin ciki da tusa, musamman a makonnin farko. In ita ma ta kasa, akwai allurar octreotide. Kada ka sayi ko ɗaya a kasuwa. Likita kaɗai ya san gwargwadon da ya dace.

Ku lura da wannan ƙwarai. Mai shan acarbose, sukarin shayi ba ya farfaɗo da shi da sauri. A ajiye garin gulukos a gida. In alamun sun zo, a dama masa giram 15, wato babban cokali cike fal. In bai warware ba bayan minti 15, a ƙara. In ya suma, kada a ɗura masa kome. A kwantar da shi ta gefe, a yi maza a kai shi asibiti.

A Sakkwato akwai Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A tafi da takardar aikin da aka yi masa. Kafin azumi kuma, a nemi shawarar likita.