Daga CE2 Zuwa CM2: Inda Karatun Yaro Ke Ƙara Nauyi

Da yawa daga cikin iyaye a Parakou da Djougou ba sa tashi tsaye kan karatun yaro sai ya shiga CM2, ajin da ake rubuta jarrabawar CEP. Sannan ne za a nemo malamin gida, a hana yaro ƙwallo. Sau da yawa kuwa an makara, domin tun a CM1 ya yi tuntuɓe.

Firamare a Benin aji 6 ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Har zuwa CE2, yaro mai kaifin hadda yana iya wucewa lafiya. Ya karanta ɗan gajeren rubutu, ya yi tarawa da ɗebewa, ya haddace jadawalin ninkawa, malam ya yaba.

A CM1 ne lamarin ke sauyawa. Lissafi ya shigo da rabi, sulusi da rubu'i, da lambobi masu waƙafi, da doguwar rabawa. Abin da ya fi wuya shi ne tambayar ta koma labari: ɗan kasuwa ya sayi buhu 3 na masara, ya biya kuɗin mota, ya sayar, nawa ya ci riba? Babu mai gaya wa yaro ko ninkawa zai yi ko ɗebewa. Kuma da Faransanci aka rubuta, alhali shi Hausa, Dendi, Bariba ko Yom yake ji a gida. Sai a ce ba ya ja a lissafi, nan kuwa tambayar ce bai fahimta ba. Haka a rubutu: a da jimla ɗaya ake nema, yanzu ana so ya tsara labari da kansa.

CM2 tana ƙara nata, kamar lissafin kashi cikin ɗari, amma mafi yawanta gini ne a kan CM1, ga agogo yana bin yaro.

Ko uban da bai yi boko ba yana iya gwada ɗansa: ya sa shi ya karanta tambayar, ya rufe littafi, ya faɗi abin da ake nema da harshen gida. In ya kasa, a je wa malaminsa tun zangon farko. A kuma zauna da malamin allo a daidaita lokaci, don aikin gida na ɗan CM1 ya fi ƙarfin 'yan mintocin bayan Isha'i, lokacin da barci ya riga ya kama shi.