Kyamarar Tarko A Dajin Zamfara: Abin Da Ya Kamata Maharbi Ya Sani Kafin Ya Saya

Maharbin ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ya gaji karatun daji daga iyaye da kakanni. Idan ya duƙa a bakin mashaya ya dubi laka, zai faɗa maka gada ce ta sha ruwa ko mazo, jiya da dare ne ko yau da asuba, ita kaɗai ce ko da ɗanta. Abin da ba zai iya ba shi ne ya kwana wata guda cur a gindin bishiya ɗaya, ba barci ba tari. Wannan giɓin ne kyamarar tarko ta zo cikewa: ƙaramin akwati ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, ana ɗaure shi a jikin bishiya, ya riƙa ɗaukar hoton duk abin da ya gifta, dare da rana, tare da rubuta kwanan wata da lokaci a jikin hoton.

Dabarar ta daɗe. Tun wajejen 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras, wanda shi ma maharbi ne, ya riƙa ɗana igiya a hanyar namun daji a jihar Mishigan. Da dabba ta taɓa igiyar sai wuta ta haska, kyamara ta ɗauka. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya. Yau an daina amfani da igiya. Kyamarorin dijital na kamfanoni irin su Bushnell, Browning da Reconyx suna da wani ɗan ido mai jin ɗumi. Idan wani abu mai motsi ya ratsa gabansa, kuma ɗuminsa ya bambanta da na wurin, sai ya tayar da kyamarar daga barci ta ɗauki hoto.

A nan ne matsalar farko ta ƙasarmu take. Galibin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin dazuzzukan Amurka da Turai masu sanyi, inda barewa ta fi kewayenta ɗumi nesa ba kusa ba. A yammacin Zamfara kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Da tsakar rana ƙasa da duwatsu sukan ɗauki zafin da ya kai na jikin dabba ko ya wuce shi, sai gada ta wuce idon bai ji ta ba. Akasin haka ma yana faruwa: busasshiyar ciyawa da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa ta, sai na'urar ta ɗauka dabba ce, ta cika kati da ɗaruruwan hotunan da babu komai a ciki. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko ana iya ƙara ƙarfin jin idon da rage shi. Wadda ba ta da wannan saiti ba ta dace da bazararmu ba.

Na biyu shi ne saurin ɗauka. Tsakanin lokacin da idon ya ji motsi da lokacin da hoto ya fita akwai ɗan jinkiri. Kyamara mai kyau ba ta kai rabin daƙiƙa. Wadda ta wuce daƙiƙa ɗaya, a kan turbar da dabba ke wucewa da sauri, wutsiya kawai za ta kamo ko fili. Sai kuma tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta shirya wa hoto na gaba, domin zabin daji da gwaggon biri a garke suke tafiya. Mai son sanin yawansu yana buƙatar wadda ke ɗaukar hoto uku ko fiye a jere.

Kada yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ruɗi mai saye. Da yawa daga cikin masu iƙirarin 30 ko 48, ainihin abin ɗaukar hoton da ke cikinsu ƙarami ne, manhaja ce ke buɗa hoton ta kumbura shi ba tare da ƙarin tsabta ba. Ya fi a nemi ganin hoton dare da ita kanta kyamarar ta ɗauka, tunda yawancin namun dajinmu, irin su kura, beguwa, jibda da dabgi, sai duhu ya yi suke fitowa.

Fitilar dare iri uku ce. Akwai farar filasha, mai ba da hoto mai launi, amma haskenta yana tsorata dabba kuma ana hango shi daga nesa. Akwai mai hasken infirared na nanomita 850, wadda hotonta baƙi da fari ne, tana haska wuri mai nisa, sai dai ƙwayayenta kan yi ja-ja idan an kalle su. Ta uku mai nanomita 940 ce, idon mutum ba ya ganin haskenta ko kaɗan, amma ba ta kai ta biyun nisa ba. A dajin da makiyaya da masu itace da masu haƙar zinare ke zirga-zirga, ta ukun ce ta fi daɗewa a jikin bishiya.

Sai batir da ƙarfin jiki. Yawancinsu suna cin batir ƙanana samfurin AA guda shida ko takwas. Na litiyom sun fi daɗewa da jure zafi. Masu arha da ake sayarwa a tebur kan mutu da wuri, wani lokaci su zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki. Araha ba ta ado. Bidiyo, musamman na dare, ya fi hoto shan batir sau da yawa. A duba bakin murfin ko yana da roba mai hana ruwan damina da ƙurar hunturu shiga, a toshe duk kafar da tururuwa za ta bi. Akwatin ƙarfe da kwaɗo suna da amfani, don kura takan tauna abin da ba ta gane ba, gwaggon biri kuma ya murɗe shi. A rani kuwa gobarar daji ce babbar abokiyar gaba. Sai a share ciyawar da ke kewaye da bishiyar.

Akwai masu layin waya da ke turo hoto kai tsaye. Sun fi tsada, sun fi cin batir, kuma ba sa aiki sai da sabis. Wanda ya tuna yadda aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara a Satumban 2021 zai gane cewa mai katin memori kawai ta fi zama abin dogaro.

Duk kyan na'ura, wurin ɗana ta ne ke yanke hukunci, kuma a nan tsohon maharbi ya fi injiniya. Shi ya san turbar da gada ke bi, da kududdufin da ba ya ƙafewa har Afrilu, da bishiyar kanya ko ɗinya da dabbobi ke tsintar 'ya'yanta. Ana ɗaure kyamarar daidai gwiwa domin ƙananan namun daji, a fuskantar da ita arewa ko kudu don kada fitowar rana da faɗuwarta su dallare ta, sannan a karkata ta ta kalli tsawon turbar maimakon ta yanke ta a gicciye.

Wani batun ya fi duk waɗannan nauyi. Dajin Sunke da na Gando da kewayen Bagega sun shafe shekaru suna cikin wuraren da 'yan bindiga ke fakewa, kuma mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta hare-haren Janairun 2022 ba. A irin wannan wuri, na'urar da ke ɗaukar hoton masu wucewa a ɓoye tana iya jawo wa mai ita zargin leƙen asiri daga kowane ɓangare. Bai kamata kowa ya ɗana ta ba sai da sanin Sarkin Baka da mai gari da jami'an tsaro, kuma a bakin gona ko fadamar da ke kusa da gari. Babu hoton da ya kai darajar rai.

Ita ma farautar da kyamara tana da nata abin tambaya. Jihar Arizona ta Amurka, mai ƙarancin ruwa kamar namu yankin, ta haramta amfani da ita wajen farauta daga 1 ga Janairun 2022, kuma cikin dalilan akwai cunkoson kyamarori da masu su a 'yan mashayun da dabbobi suka dogara da su. Wanda ya san sa'ar da dabba ke zuwa sha a tsakiyar rani ya gama da ita tun bai ɗaga bindiga ba. Idan maharba goma suka san haka a kan kududdufi ɗaya, baɗi babu abin da zai zo sha. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta riga ta hana taɓa irin su zaki da damisa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, na Nijeriya kuma a Yankari da Kainji kaɗai aka same su.

Inda kyamarar tarko ta yi suna a ƙasashenmu shi ne wajen gano abin da ya saura. A 2010 ta kamo hoton rabbin Sahara a yankin Termit na Jamhuriyar Nijar, dabbar da ba kasafai ake ganinta ba. A Yulin 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan gorillar Kuros Riba ɗauke da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe, daga cikin kusan 300 da suka rage a duniya.

Ƙungiyoyin maharban Anka, Bukkuyum da Gummi za su iya yin irin wannan aiki daidai ƙarfinsu. Kyamara biyu ko uku mallakar ƙungiya, a hannun Sarkin Baka, da littafin da ake rubuta abin da aka gani kowane wata, sun isa su nuna ko gada na ƙaruwa ko tana raguwa, da watan da mata ke tafe da 'ya'ya, da mashayar da ya kamata a hutar shekara guda. Manomin da wani abu ke tone masa gyaɗa da dare shi ma zai san ko mugun dawa ne ko beguwa kafin ya ɗana tarko. Da irin wannan sani ne shugabannin maharba za su iya cewa bana a bar fadama kaza, kuma su sami hujjar da za su nuna wa duk wanda ya yi gardama.