Yadda ake kai wa tsofaffi asibiti har gida a Birtaniya

A sassa da dama na Birtaniya, idan tsoho ya kamu da ciwon huhu ko cutar mafitsara, ba lalle ne a kwantar da shi a asibiti ba. Likita da ma'aikatan jinya kan zo su same shi a ɗakinsa, su ɗebi jininsa, su sa masa ƙarin ruwa, su yi masa allura ta jijiya, su ba shi iskar oksijin idan yana buƙata. A takarda, majinyacin asibiti ne, kuma babban likita ne ke da alhakinsa. Gadon ne kawai nasa.

Ana kiran tsarin "asibiti a gida", kuma ya daɗe a duniya. Asibitocin gwamnati na birnin Paris a Faransa sun fara shi tun 1957, jihar Victoria ta Ostireliya ta rungume shi a 1994. A Scotland, yankin Lanarkshire ya kafa nasa a 2011. Annobar korona da cunkoson asibitoci ne suka sa hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta faɗaɗa shi sosai, har irin waɗannan gadaje na gida suka haura 10,000 a watan Satumban 2023.

Me ya sa ake gudun kwantar da tsoho?

Wanda shekaru suka raunana, asibiti kan warkar masa da ciwo ɗaya ya jawo masa wani. Babban abin da likitocin tsofaffi ke tsoro shi ne ɗimuwa, wato rikicewar tunani da ke afka wa mutum farat ɗaya. Baƙon wuri, fitilun da ba a kashewa, ƙarar na'urori da fuskokin da bai sani ba kan sa dattijon da jiya yake hira da jikokinsa ya wayi gari bai san inda yake ba. Wasu ba sa dawowa hayyacinsu gaba ɗaya.

Sai kuma illar kwanciya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. Ga wanda dama da sanda yake zuwa banɗaki, wannan kaɗai ya isa ya hana shi sake miƙewa. Akwai kuma gyambon kwanciya, da faɗuwa, da cututtukan da ake kwasa a cikin asibitin kansa.

Yadda aikin ke tafiya

Likitan unguwa, ko ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, ko sashen gaggawa ne ke miƙa majinyaci ga tawagar. Cikin 'yan sa'o'i za a je a duba shi. Tawagar kan ƙunshi likitan tsofaffi, ƙwararrun ma'aikatan jinya, masu gashin ƙashi da masanin haɗa magunguna. Wasu tawagogin na tafe da 'yar na'urar awon jini mai ba da sakamako cikin mintoci, da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake riƙewa a hannu.

A wasu wuraren ana bar wa majinyaci abin awon bugun jini, da na zafin jiki, da wanda ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, su riƙa aika bayanai ta intanet. Kullum tawagar na zama ta bi sunayen majinyatanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda likitoci ke zagayen ɗakin jinya. Yawanci jinyar ba ta wuce mako biyu.

Abin da bincike ya nuna

Farfesa Sasha Shepperd ta Jami'ar Oxford ta jagoranci babban gwaji da aka wallafa a 2021, wanda ya ƙunshi tsofaffi 1,055 a wurare tara na Birtaniya, masu matsakaicin shekaru 83. An yi wa wasu jinya a gida, an kwantar da wasu a asibiti. Bayan wata shida, yawan mace-mace kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, wajen kashi 17 cikin 100. Amma waɗanda suka ƙare a gidan kula da tsofaffi ba su kai kashi 6 ba a cikin 'yan gida, alhali na asibiti sun kusa kashi 9. An kuma kashe kuɗi ƙasa da haka a kan 'yan gida.

Sai dai gwajin ya nuna cewa a watan farko, an fi garzayawa da 'yan gida asibiti. Ke nan tsarin bai kawar da buƙatar asibiti ba, dole ƙofarsa ta zama a buɗe.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Ma'aikaciyar jinya kan yi ziyararta ta tafi. Sauran sa'o'in, iyali ne ke juya majinyaci, su kai shi banɗaki, su kwana suna sauraren numfashinsa. Sau da yawa mai wannan aikin matarsa ce, wadda ita ma ta haura 80, ko 'yar da ta ajiye aikinta. Shi ya sa ake duba halin da gidan yake ciki, a kuma nemi yardar majinyaci kafin a fara. Gidan da ba ɗumi a lokacin hunturu, ko tsohon da ba mai leƙa shi, na iya sa likitoci su zaɓi asibiti. Haka ma wanda ke buƙatar tiyata ko sashen kulawa ta musamman.

Akwai kuma ƙarancin ma'aikata. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba gadaje da yawa a ɗaki guda, idan ta fita unguwa, wani kaso na lokacinta a hanya yake ƙarewa. Inda aka raba na'urori ba tare da isassun mutanen da za su zo idan jiki ya rikice da tsakar dare ba, sallama ce kawai aka yi wa majinyaci da wuri, aka bar iyalinsa da jinyar.