Ba Tauraro Ba Ne Ya Faɗo

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a tsakar gida a Wusasa lokacin bazara ya san abin. Kana kwance kana kallon sama, sai wani haske ya keto kamar an wurga bakin wuta, har ka ga inuwar bishiya a jikin katanga. Kafin ka ta da na kusa da kai ya ɓace. Gari na wayewa sai ka ji ana cewa tauraro ya faɗo, wasu kuma su ce wani babba ne ya rasu.

To, tauraro dai bai faɗo ba. Taurari irin ranarmu ne, da yawansu ma sun fi ta girma, nisa ne ya ƙanƙantar da su. Abin da ka gani ɓaraguzan dutse ne masu yawo a sararin samaniya. Idan ɗaya ya faɗo cikin iskar duniya da gudun da ya wuce kilomita 11 a daƙiƙa guda, sai ya yi zafi ya kama haske, tun yana can sama kamar kilomita 80 zuwa 100. Galibinsu ba su fi ƙwayar gero ba, nan take suke ƙonewa. Manyan ne ke haskaka gari, wani lokaci ma a ji rugugi kamar tsawa bayan 'yan mintoci.

Wasu kan iso ƙasa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa a Zagami, ƙasar Faskari, sai ya ji ƙara, ƙura ta tashi 'yan taku kaɗan daga inda yake. Dutse ne mai nauyin kilo 18 ya nutse a ƙasa. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya ɓantaro. Wani irinsa da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a Amurka a 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta shiga binciken yadda aka fitar da shi.

Don haka in ka sake ganin irin wannan haske, kada gabanka ya faɗi. Riƙe lokacin da kuma wajen da ya nufa. In kuwa an tsinci baƙin dutse mai nauyi kamar an babbake shi, kada a yi saurin miƙa wa dillali. A kai wa masana duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru su duba.