Kafin Ka Sayi Hannun Jari, Nemi Lambarsa

Duk wanda ya tallata maka hannun jari ko sukuk, kafin ku zo kan maganar riba, ka tambaye shi lambar ISIN ta abin da yake sayarwa. Kowace takardar jari da ake cinikinta a kasuwar hannun jari tana da tata, kamar yadda kowace mota ke da lambar shasi.

Haruffa da alƙaluma 12 ne, a kan tsari ɗaya a duk duniya. Biyun farko na ƙasa ne: NG na Najeriya, US na Amurka. Tara na tsakiya su ke bambanta takardar da sauran. Na ƙarshe kuwa daga goma sha ɗayan da suka gabace shi ake lissafo shi, shi ya sa idan dillali ya kuskure harafi wajen rubutu, galibi kwamfuta takan ƙi karɓa. Dubi ta kamfanin simintin Dangote: NGDANGCEM008. Ta Apple kuma US0378331005 ce, wadda tsakiyarta lambar CUSIP ce da Amurkawa ke amfani da ita a gida. A Najeriya, kamfanin CSCS da ke Legas ne ke bayar da waɗannan lambobi.

Sai dai a kula. ISIN sunan takarda kawai take faɗa. Ba ta yi maka alkawarin riba ba, ba ta kuma shaida cewa kai ne mai ita ba. Macuci na iya kwafo lambar gaske daga intanet ya liƙa a rasit na bogi, har da hatimi. Abin da ke tabbatar da mallakarka shi ne lambar CHN da CSCS ke ba mai zuba jari ta hannun dillalinsa, da kuma bayanin asusunka inda za ka ga hannun jarin da sunanka.

Masu damfara sukan ɗaga takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC su ce ai gwamnati ta san da su. Rajistar kamfani daban, lasisin karɓar jarin jama'a daban; na biyun hukumar SEC mai kula da kasuwar jari ce ke bayarwa. Misali, waɗanda shirin damfara na MMM ya cinye wa kuɗi a 2016 lambobi kawai suke gani suna hauhawa a waya, babu wata takardar jari a bayansu.

Don haka ka duba sunan dillalin a jerin masu rajista da SEC ke wallafawa a shafinta. Bayan an kammala ciniki kuma, ka nemi bayanin asusunka na CSCS ka gwada sunan takardar da adadinta da abin da ka biya.